Hancin Aro

Delbert Stoltz ya fara noman kabewa tun tsawonsa bai kai tayar tarakta ba, kuma ita ubansa ya noma har ƙasa ta rufe masa ido. Amma ko sau ɗaya bai taɓa tambayar kansa me ke sa fai ɗin kabewa, wato gasasshen ƙullun fulawa da ake cika cikinsa da kabewa mai zaƙi, daɗi ba. Kabewa mana, me kuma? Shi ya noma, kamfanin gwangwani ya turo motoci a kwashe, matarsa Lorene ta je kanti ta sayo kabewar tasu a cikin gwangwani, ta gasa, shi kuma ya zauna gaban talabijin ya ci yana kallon ƙwallo. Haka aka yi shekara arba'in da ɗoriya, kuma duk tsawon wannan lokaci amsa ɗaya Lorene ke samu idan ta tambaye shi yadda ya ji fai ɗin. Ba laifi.

In za a yi masa adalci, ba shi kaɗai ba ne. Mu mutanen tsakiyar jihar Illinois ta Amurka ba mu iya yabo ba, ba mu iya kushe ba, muna kuma kiran wannan naƙasa tarbiyya. Mutum zai faɗo daga saman rumbu, ka tarar da shi ƙafa ta juya baya, ka tambaye shi jiki, ya ce maka ba laifi, akwai waɗanda suka fi shi shiga uku. Sai dai Delbert ya yi wa kowa fintinkau. Ranar da guguwa ta yaye masa rufin rumfar tarakta, ba laifi, dama kwanon ya tsufa. Ranar da aka miƙo masa 'yarsa ta fari a asibiti, ya leƙa cikin zanen ya ce ba laifi, kuma har zuciyarsa yana ganin ya yi dogon jawabi.

Abin da ya dagula wannan zaman lafiya shi ne murar da Lorene ta yi a sanyin bara. Murar ta tafi, ta tafi da hancinta. Likita ya ce jin ƙamshi yakan dawo, yakan kuma ƙi dawowa, maganar da ko Delbert zai iya yi ba sai ya sa farar riga ba. Tun daga nan abinci ya zame mata iri biyu, mai gishiri da mai zaƙi. Ta ƙona tukunya tana tsaye a kanta, ba ta sani ba sai da hayaƙi ya shige mata ido. Ta zuba wa matar fasto madarar da ta yi tsami a cikin kofi, matar fasto ta shanye ta yi godiya, daga baya labarin ya zagayo ta bakin wasu. Lorene ta daina zuwa kicin ɗin coci ranar Laraba. Da lokacin shuka ya zo ba ta dasa furannin da take jerawa a bakin baranda ba, ta ce me za ta yi da su. Ta rage magana, ita da a da ko rediyo sai ya jira ta kai aya.

Delbert yana gani. Idonsa lafiya lau, bakinsa ne a ɗinke. Yakan tsaya a ƙofar kicin yana murza hularsa, ya ji tausayinta ya cika masa ƙirji, ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa kamar za a yi ruwa da yamma.

Sai ga Ranar Godiya ta ƙarato, bikin shekara-shekara da muke yi bayan girbi. A gidan yayarsa Bernice dangi ke taruwa, kuma kowa da abin da yake kawowa, ba a sauyawa. Talotalo na Bernice ne. Fai kuwa na Lorene ne, tun shekarar da mahaifiyar su Delbert ta tsallake 'yar cikinta ta miƙa wa surukarta sandar murza ƙullu a gaban kowa. A dangin Stoltz idan ka saki kwanonka shekara ɗaya, ka sake shi ke nan har abada. Gwaggo Myrtle ta karye a hannu ta bar dankali sau ɗaya tak, tun daga nan ƙanƙara da takardun goge baki take kawowa har ta koma ga Mahaliccinta.

Babu wani asiri a kayan ƙamshin fai. Kowa ya san su: kirfa da yawa, citta, gyaɗar ƙamshi, masoron Jamaika, sai kanumfari ɗan kaɗan. A kanti ma ana sayar da su a haɗe cikin ɗan gwangwani, wanda Lorene ke kira garin katako. Ita ɗai-ɗai take sayowa ba a niƙa ba, ta daka a ɗan turminta na dutse, ta goga gyaɗar ƙamshi da hannu, kuma ba ta taɓa aunawa da cokali ba, domin a cewarta kirfar bana ba ta bara ba ce, kanumfari kuma wata shekarar yakan zo da fushi. Takan zuba, ta sunsuna, ta ƙara wannan, ta sunsuna, har sai hancinta ya ce ya isa. Ma'aunin ke nan, kuma shi mura ta ɗauke.

Bernice ce ta bugo waya. Ba muguwa ba ce, tsohuwar malamar makaranta ce da ta saba shirya rayuwar mutane tun kafin su roƙa. Ta ce kar Lorene ta wahalar da kanta bana, ta ga fai masu kyau a babban kanti, za ta iya ɗauko biyu-uku a hanya, babu wanda zai lura. Wannan "babu wanda zai lura" ɗin shi ya fi komai ciwo. Lorene ta ajiye wayar, ta daɗe tana goge tebur ɗin da babu komai a kansa, sannan ta ce ranar Lahadi in an tashi daga coci za ta gaya wa Bernice ta sayo ɗin.

Delbert ya san ba fai kaɗai za ta saki ba. Ta saki kicin ɗin coci, ta saki furanni, wannan ne abu na ƙarshe da ya rage a hannunta, in ya tafi sai kujerar gaban taga. Tsoro ya kama shi, kuma tsoron ne ya buɗe masa baki kafin hankali ya iso.

"Ai ni ina da hanci," ya ce.

Lorene ta juyo ta dubi hancin. Babba ne, ba a musu, jajawur saboda rana da sanyi.

"Na sha ganinsa," ta ce. "Ban dai taɓa jin ya yi wani aiki ba."

Duk da haka washegari da hantsi ta shimfiɗa jarida a kan tebur ta jera kayan. Ta daka kirfa, ta haɗa da citta a ɗan kwano, ta miƙa masa ta ce ya sunsuna. Delbert, da yake mutum ne da ba ya aiki rabi-rabi, ya zura hanci ya ja da ƙarfinsa duka. Atishawar da ta biyo baya ta watsa rabin garin a kan labule. Da ya share hawaye ya ce ba laifi. Ta zuba kanumfari ta sake miƙawa, ba laifi. Gaskiyar magana yana jin wani abu, sai dai duk kwanon da aka miƙo masa ƙamshi ɗaya yake yi masa, ƙamshin kayan ƙamshi. Ga ta kuma tsaye ta zuba masa ido kamar mai jiran sakamakon asibiti, ta ina zai fara cewa bai yi ba? Ita kuwa da ta ga fuskarsa ba ta motsa ba sai ta ɗauka kanumfarin bana ne ya zo da sanyi, ta ƙara. Ba laifi. Ta ƙara.

Da fai ɗin ya huce ta yanka masa. A loma ta uku harshensa ya yi nauyi, leɓensa ya daina jin cokali. Ya cinye, ya kuma nemi ƙari, yana ganin wannan ita ce soyayya. Yana cikin yanka na biyu sai ga Bernice ta shigo aron kujeru. Ta ga fai a tebur, ta ɗauki cokali ba tare da an yi mata tayi ba, ta kai baki. Ta daɗe tana taunawa, alhali babu abin taunawa a fai ɗin kabewa.

"To," ta ce. "Wannan kam daban ne."

A garinmu babu zagin da ya kai wannan. Ta sha ruwa kofi guda, ta dafa kafaɗar Lorene, ta sake tuna mata da babban kanti cikin murya mai taushi, ta sa Delbert ya loda mata kujeru ta tafi.

Da ya dawo ya tarar Lorene tana kankare fai ɗin cikin kwandon shara.

"Delbert, harshenka ya mutu ko bai mutu ba?"

"Ya ɗan yi nauyi."

"Ka ce ba laifi."

"To ai ke kika yi, Rene."

"Na bara ba laifi. Na shekarar da muka yi aure ba laifi. Wannan da ko kare ba zai lasa ba, shi ma ba laifi." Ba ta ɗaga murya ba, ta ci gaba da kankarewa. "To ta ina zan san ko akwai wanda ya taɓa yin daɗi?"

Ya ji kunya irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya ɗauki hula ya fita duba taraktar da babu abin da ya same ta.

A rumfar tarakta ya yanke shawarar zai koya wa hancinsa aiki da kansa, kamar yadda ya koya wa kansa walda. Ya saci ɗan kowane irin kayan ƙamshi daga kabad, ya ga ɗan turmin dutse zai ɓata masa lokaci, sai ya haɗa da injin niƙan kofinsa, wanda 'yarsa ta saya masa kuma yake ji da shi. Ya zauna a kan bokiti tsakanin jarkokin baƙin mai, dattijo mai jikoki, yana niƙawa yana sunsunawa yana atishawa. Abin da ya samu a ƙarshe shi ne kwalba ɗaya cike da wani gari mai ruwan ƙasa, da injin kofi da man kanumfari ya cinye murfinsa ya yi dishi-dishi. Ya wanke, ya niƙa shinkafa a ciki, ya sake wankewa. Washegari kofinsa ya fito da ɗanɗanon maganin ciwon haƙori. Lorene ba ta ji ƙamshin ba, ta tambaye shi me ya sa yake yamutsa fuska, ya ce ba komai, ya shanye.

Ya gudu shagon shan kofi na kusa da rumbun hatsin gari, inda tsofaffin manoma ke zaman majalisa tun da aka gama girbi. Bai gama cire jaket ba maƙwabcinsa Merle ya ɗaga hanci sama yana zagaya shi kamar kare.

"Wa ya kunna kyandir mai ƙamshi irin na mata a nan? Del, kai ne? Jama'a ku zo ku ji, Stoltz ya fara shafa turare. Wace bazawara ce, tsoho? Ka faɗa mana mu je mu ba ta haƙuri."

Aka yi ta yi masa tsiya har kofi ya huce. Delbert ya bar su, don gara a ce neman mata yake da a ce a rumfar tarakta yake koyon girki.

Safiyar da sanyi, raɓa ta daskare a kan gonakin da aka girbe. Da ya shiga tsohuwar a-kori-kurarsa ya rufe gilasai, ya kunna na'urar ɗumama mota, ya zaro kwalbar daga aljihu ya jefa a gaban sitiyari, daidai inda iska mai zafi ke fitowa. Murfin dama bai zauna da kyau ba. A mararrabar layin dogo ya tarar jirgin ɗaukar masara yana wucewa, ya taka birki ya tsaya yana kallon taragu. Motar ta ɗumama, ƙamshin ya taso ya gauraya da warin dizal da na tsohon karensu da ya mutu ya bar warinsa a kujera. Sai kawai ya ji wata murya ta ce, "A'a. Ba haka yake ba." Ya waiga, babu kowa a motar sai shi.

Ya zauna baki buɗe har jirgi ya wuce. Ashe ya sani. Bai taɓa tsayawa a kicin lokacin da Lorene ke haɗa kayan ba, in kuma ya zo ci hankalinsa na kan ƙwallo. Amma duk Ranar Godiya tun suna ango da amarya, fai ɗin a kan kujera yake tafiya tsakaninsu, da zafinsa, a lulluɓe da tawul, gilasai a rufe, na'urar ɗumama tana huci, daga ƙofar gida har gidan Bernice, kuma dole a tsaya a wannan mararraba. A nan hancinsa ya yi karatu ba tare da ya sanar da mai shi ba. Ya dubi hancin a madubin mota ya ce masa lalle ka cika ɗan gidan Stoltz, kai ma ba ka aiki sai an ta da inji.

Shawo kan Lorene ya fi wuya. Ranar Asabar ce, washegari za ta ba Bernice amsa. Ya tsaya a ƙofar kicin ya yi mata bayanin mota da dizal da kare da layin dogo, maganar da ta fi duk wadda ya yi a watan nan tsawo. Ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta tambaye shi ko ya sha wani abu ne a shagon. Ya ce kofi kawai. Ta ce shekarunsu sun wuce a riƙa yawo da kabewa a titi mutane na kallo. Ya ce gobe ma in ta ga dama ta gaya wa Bernice abin da ta yi niyya, yau kaɗai yake roƙo. Kalmar roƙo ce ta sa ta dube shi, don ba ta taɓa jin ta a bakinsa ba.

Ba ta tsaya murza ƙullu ba. Ta dama kabewa da madara da ƙwai da sukari, ta raba a 'yan kofuna, ta zuba haɗin ƙamshi a na farko da ƙiyasi, ta gasa, ta lulluɓe da tawul. Suka shiga mota, ita da jaket ɗin cocinta a kan rigar girki, kofin a tsakaninsu. A mararraba ya tsaya duk da babu jirgi, ya ja numfashi.

Bai yi ba. Ya san bai yi ba tun daga kwanar gidan Merle. Ga ta kuma ta zuba masa irin idon nan. Ba laifi ta taso masa har bakin haƙora, ta saba da hanyar. Gumi ya karyo masa a cikin wannan sanyi, ya damƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon layin dogo.

"Bai yi ba," ya ce.

Ya jira sama ta faɗo. Lorene ta gyara zama ta fuskance shi.

"Me ya yi?"

"Ban san sunansa ba."

"Ban ce ka ba ni suna ba, tsoho. Me ka ji?"

Ya sake sunsunawa. "Kujerar likitan haƙori."

"Kanumfari," ta ce. "Juya mota."

Haka suka wuni. Ta rage kanumfari, suka dawo, ya ce yanzu kuma kamar shagon sayar da kyandir, daɗi-daɗi babu abin da ke cizo a ƙarshe, ta ce citta ta yi kaɗan. Ta ƙara citta da gyaɗar ƙamshi, suka dawo, ya ce kamar akwatin tsofaffin rigunan mahaifiyarsa, ta ce gyaɗar ta yi yawa, kuma ai dama mahaifiyarsa ba ta taɓa shanya kaya yadda ya kamata ba. Abin mamaki, da ya faɗi ta farko sauran sai suka riƙa fitowa da kansu, har ya fara jin daɗin abin fiye da kima. A wani zuwan ya ƙara da cewa sukari ma kamar ya so ya yi yawa.

"Sukari ina jin sa da harshena, ba aronka na yi a nan ba," ta ce. "Shekara arba'in kana zaune kamar buhun taki, yau ɗaya ka zama alƙalin gasa. Tsaya a hanci."

Ya tsaya a hanci, yana murmushi a ɓoye. Rabon da ta yi masa irin wannan wankin tun kafin murar. Kumatunta sun yi ja, tana lissafin abin da za ta rage da yatsu, tana faɗa da kirfar bana kamar kirfar na jin ta.

Merle, wanda ya gaji da ganin motar tana kai da kawowa ta ƙofar gidansa, ya biyo su ya tsaya a gefe ya sauke gilashi, ya tambaya ko wani abu ne ya ɓace musu. Delbert ya buɗe nasa gilashin kaɗan don kar ƙamshi ya tsere, ya ce a'a, fai suke sunsunawa. Merle ya dubi Delbert, ya dubi Lorene, ya dubi kofin da ke lulluɓe da tawul a tsakaninsu kamar jariri.

"To," ya ce. "Ba laifi." Ya ɗaga gilashinsa ya tafi.

Lorene ta yi dariya har sai da ta riƙe ƙofar mota.

Rana ta karkata lokacin da suka fito da kofin ƙarshe, don kabewar ta ƙare. A wannan ta ɗan ƙara masoron Jamaika, ta goga gyaɗar ƙamshi sau ɗaya ta janye hannu. Dariyar ta riga ta wuce, gajiya ta sauko, ta ce in wannan ma bai yi ba to a bar zancen, ta gode da yawon. Delbert ya ja mota suka wuce gidan Merle, suka wuce gonar da ya fi samun kabewa bana. Kafin su kai layin dogo ya sauka gefen hanya ya tsaya. Ya daɗe yana kallon gabansa.

"Wannan ne," ya ce.

"Kar ka yi min ba laifi don rana ta faɗi, Delbert."

"Ban ce ba laifi ba. Na ce wannan ne."

"Ta ina ka sani?"

Ya murza hularsa a kan gwiwa. Ya ce duk shekara in sun iso daidai nan, motar ta cika da wannan ƙamshin, akwai maganar da takan zo masa a rai. A duk kofunan ɗazu ba ta zo ba. Yanzu ta zo.

"Wace magana?"

"Nakan ce, Delbert, dube ka. Da hancin nan naka da bakin nan naka kamar an ɗinke. Ka rasa yadda aka yi matar nan ta yarda ta shigo motarka, har ta zauna. Kai dai ka yi sa'a, sakarai."

Lorene ba ta motsa ba.

"Duk shekara?"

"Duk shekara."

"Har shekarar da ƙasan fai ɗin ya ƙone?"

"Har ita. Ƙasan ne ya ƙone, ƙamshin yana nan."

"To me ya hana ka faɗa?"

Ya yi tunani sosai, don yanzu ya daina ba da amsar da ta fara zuwa. "Ina tuƙi," ya ce.

Ta yaye tawul ɗin ta ɗauki kofin da hannu biyu, ta kai hancinta ta ja numfashi. Ba ta ji komai ba, sai ɗumi a fuskarta, kuma abin ya yi mata ciwo kamar ranar farko. Ta share ido da bayan hannu, ta ce gobe in an tashi daga coci shi zai gaya wa yayarsa ta bar fai ɗin kanti a kanti, tunda yanzu ya iya magana. Ya ce to. Sai ta miƙa hannu ta murɗe makulli, injin ya mutu.

"Yanzu ba tuƙi kake ba," ta ce. "Sake faɗa min, a hankali. Ka fara daga ƙamshin. Me ke fara zuwa?"

Delbert ya rufe ido ya sunsuna. Ya ce kirfa ce ke fara zuwa, kamar in ka buɗe ƙofar gida daga cikin sanyi. Ta ce sai me. Ya ce ta jira, ba ya son ya yi mata ƙarya, ya sake sunsunawa. Bai sauka daga kan hanyar sosai ba, rabin motar na kan kwalta. Wata mota ta zo ta tsaya a bayansu, wata ta zo ta tsaya a bayan waccan, suna jira. Babu wanda ya yi oda, don mu nan ba ma yin oda.